Zafin Injin Mota: Yadda Ake Gano Sanadinsa

Gabatarwa

Duk wanda ke bin hanyar Matameye zuwa Kance da Takeita a lokacin bazara ya saba ganin mota tsaye a bakin titi, murfin gabanta a ɗage, tururi yana tashi, fasinjoji sun fake a gindin gawo, yaron mota kuma ya ruga gari mafi kusa da jarka a hannu. Idan aka tambayi abin da ya faru, sai a ce inji ne ya yi zafi. A zuba ruwa, a ci gaba da tafiya, bayan ɗan lokaci a sake tsayawa.

Zafin inji kamar zazzaɓi yake a jikin mutum. Alama ce da ke nuna akwai cuta a wani wuri. Wanda ya tsaya kan zuba ruwa kawai bai taɓa cutar ba, kuma kowace tsayawa tana ƙara wa injin lahani. Gyaran da zai ƙare a kan murfi ko tiyo ɗaya sai ya koma sauke inji, mota ta yi makonni a gareji, iyalin da ke ci daga gare ta su shiga wahala. Wannan kasida za ta bayyana yadda inji ke samun sanyi, da yadda direba ko mai mota zai gano inda matsalar take, daki-daki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya.

Yadda inji ke samun sanyi

Inji yana ƙona fetur ko gas a cikinsa don ya sami ƙarfi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ne kawai ke tura mota. Wani kashi ɗaya yana fita da hayaƙi ta salansa. Sauran kashin yana zama zafi a jikin ƙarfen inji, kuma dole a fitar da shi. Yawancin babura iska ce ke fitar musu da wannan zafi kai tsaye. Motocin da ke hanyoyinmu kuwa da ruwa ake fitar da shi. Abubuwa bakwai ne ke wannan aiki tare:

1. Ruwa. Yana zagayawa ta hanyoyin da ke cikin jikin inji yana kwasar zafi. Ƙaramar mota takan ɗauki lita 5 zuwa 8.

2. Famfon ruwa. Shi ke tura ruwan ya zagaya. A yawancin motoci bel ne ke juya shi.

3. Lagireto. Yana gaban mota. Ƙananan bututu ne masu yawa, da siraran faifai a tsakaninsu. Ruwan zafi yana bi ta cikin bututun, iska tana ratsa faifan, sai ruwan ya huce.

4. Fanka. Tana jawo iska ta ratsa lagireto idan mota tana tsaye ko tana tafiya a hankali.

5. Tamostat. Ƴar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Tana rufe idan inji yana da sanyi, ta buɗe da kanta idan ruwa ya kai digiri 80 zuwa 90.

6. Murfin lagireto. Yana da sifirin da roba waɗanda ke matse ruwan a ciki. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a kusan digiri 100. Idan an matse shi da murfi mai kyau, ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120.

7. Tiyo. Su ne robobin da suka haɗa inji da lagireto, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, da wasu ƙanana.

Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90. A nan allurar zafi da ke gaban direba take tsayawa, kusa da tsakiya. Idan ta wuce wurin da ta saba tsayawa, to ɗayan abubuwa uku ya faru: ruwa ya ragu, ko ruwa ba ya zagayawa, ko iska ba ta ratsa lagireto. Wani lokaci kuma injin ne ke haifar da zafin da ya fi ƙarfin ruwan. Duk binciken da za a yi, a kan waɗannan yake.

Dalilin yawan matsalar a yankin Matameye

Na farko, zafin gari. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a jihar Damagaram yakan wuce digiri 40. Lagireto yana miƙa zafinsa ga iska ne, don haka aikinsa ya dogara da tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Da safiyar hunturu, idan iska tana digiri 20 ruwa kuma yana 90, tazarar 70 ce. Da azahar ta bazara, idan iska ta kai 42, tazarar ta koma 48. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin lagireto ya tafi ke nan. Shi ya sa motar da ta yi hunturu lafiya takan fara zafi da shigowar bazara. Lahanin yana nan tun tuni, zafin gari ne ya tona shi.

Na biyu, hanya da kaya. Motar da ta ɗauko rake daga fadamun Dungu ko na Ɗan Barto, ko buhunan gero da gyaɗa daga ƙauye, tana tafiya cikin yashi da ƙaramar giya. Inji yana aiki da ƙarfi, mota kuwa ba ta gudu, iska kaɗan ce ke shiga gabanta.

Na uku, ƙura da ciyawa. Ƙurar hunturu, ƴaƴan ciyawa na ƙarshen damina, ƙaiƙayi lokacin kaka, fara da ledoji, duk suna manne wa faifan lagireto.

Na huɗu, shekarun motocin. Yawancinsu an yi amfani da su a Turai kafin a kawo su, kuma shekaru da dama ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka fi shigowa. Akwai kuma tsofaffin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Roba tana tsufa, ƙarfe yana tsatsa, ko da mota tana da kyan gani daga waje.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Allura ta tasar wa jan layi, ko jar fitila mai hoton ma'aunin zafi ta kama. Tururi yana fita daga gaban mota. Ana jin wari mai ɗan zaƙi, ko ƙaurin roba da mai. Inji ya rage ƙarfi, yana ƙara kamar ana kaɗa ƙananan ƙarafa idan an taka totur. Bayan an kashe mota ana jin ruwa yana tafasa a ciki.

Akwai alama ɗaya mai ruɗarwa. Idan allura ta hau sosai, sannan ta faɗo da kanta ba tare da an yi komai ba, kada a yi murna. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare gaba ɗaya, na'urar da ke auna zafin ba ta cikin ruwa. A tsaya nan take.

Abin da za a yi nan take a kan hanya

1. A kashe na'urar sanyaya ɗakin mota. Idan motar tana da hita mai aiki, a kunna ta har ƙarshe a buɗe tagogi, domin tana janye wani kashi na zafin inji.

2. A sauka daga kan titi a wuri mai aminci. Idan allura ta kai ja, ko ana ganin tururi, ko ruwa yana zuba a ƙasa, a kashe inji ba tare da jinkiri ba.

3. A ɗage murfin gaban mota bayan tururi ya lafa, a bar iska ta shiga.

4. Kada a buɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, kuma a matse yake. Da an buɗe zai yi tsartuwa a fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30, har sai an iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ya yi laushi.

5. A rufe murfin da tsumma mai kauri, a juya shi kaɗan, a jira iska ta gama fita, sannan a cire.

6. Kada a zuba ruwan sanyi a cikin inji mai zafi, kada kuma a watsa shi a jikinsa. Ƙarfe mai zafi yana iya tsagewa ko ya lanƙwashe, kamar yadda tukunyar ƙasa ke fashewa idan an sauke ta daga wuta aka zuba mata ruwan randa.

Gaggawa a nan ba ta da riba. Rabin awa a gindin bishiya ya fi wata guda a gareji.

Tambaya ta farko: yaushe allura ke hawa?

Wannan ita ce tambaya mafi amfani a duk binciken, kuma direba ne kaɗai ke da amsarta. Lokacin da zafin ke zuwa yana nuna wurin da za a fara dubawa.

Idan allura tana hawa a tsaye, kamar a tasha, ko cikin cunkoson ranar kasuwa, ko a layin kan iyaka tsakanin Ɗan Barto da Kwangwalam, amma tana sauka da an hau kwalta an yi gudu, to iska ce ba ta isa. A duba fanka.

Idan tana zaune lafiya cikin gari, amma tana hawa a doguwar tafiya da gudu ko da kaya mai nauyi, to ruwa ne ba ya wucewa yadda ya kamata, ko lagireto ya gaza. A duba toshewar lagireto, da tiyon ƙasa, da famfo.

Idan tana hawa cikin ƴan mintoci bayan tayar da mota da safe, tiyon sama kuma bai yi zafi ba, to ruwa ba ya fita daga inji. A duba tamostat da famfo, a kuma tabbata akwai ruwa.

Idan tana hawa tana sauka babu ƙa'ida, to ruwa ya ragu, ko iska ta maƙale a cikin hanyoyin ruwa. Wannan yakan faru bayan an zubar da ruwa an sake cikawa.

Idan ta hau farat ɗaya, fitilar batir kuma ta kama a lokaci guda, to bel ya tsinke.

Idan kullum ana ƙara ruwa amma ba a ganin inda yake zuba, a duba murfi, sannan a duba gasket.

Bincike daki-daki

A yi wannan bincike inji yana kashe kuma ya huce. A zare mabuɗi, a kuma nisantar da hannu daga fanka, domin fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko da mota a kashe take. A naɗe hannun riga da rawani kada bel ya kama su.

*Mataki na ɗaya: ruwa.* A duba cikin lagireto da kuma farar robar ajiya da ke gefensa. Robar tana da layi biyu, ruwan ya kasance a tsakaninsu. A dubi launinsa. Ja kamar ruwan tabki a damina, tsatsa ce. Mai yana yawo a kansa, alama ce mai nauyi, za a zo kanta a gaba.

*Mataki na biyu: yoyo.* A kwana da mota a kan busasshiyar ƙasa, ko a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe a duba. A bi kowane tiyo da hannu, musamman bakin da aka ɗaure. Tiyon da ya kumbura, ko ya tsattsage, ko ya yi taushi kamar ƙullu, ko ya bushe kamar itace, ya gama aiki. Farin gurbi ko kore a jikin lagireto yana nuna inda ruwa ke tsattsafowa ya bushe. A taɓa shimfiɗar ƙasa ta wajen ƙafar fasinjan gaba. Idan ta jiƙe, hita ce ke yoyo.

*Mataki na uku: murfi.* A juya shi a dubi robarsa. Idan ta tsage ko ta taurare, ko sifirin ya saki, murfin ba ya matse ruwa, ruwan zai tafasa da wuri ya fice. A saman murfi akwai lamba, kamar 0.9 ko 1.1. A sayi sabo mai lamba iri ɗaya da na asali. Murfi yana cikin kayan gyara mafi araha, amma shi aka fi mantawa da shi. Toshe bakin lagireto da leda ko tsumma daidai yake da barinsa a buɗe.

*Mataki na huɗu: gaban lagireto.* A haska tocila daga baya a leƙa ta gaba. Idan haske ba ya ratsowa, faifan sun toshe. A wanke su da ruwa daga ɓangaren inji zuwa waje, a hankali, domin faifan suna lanƙwashewa da sauƙi. Motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki tana da wani abu mai kama da lagireto a gabansa, kuma ciyawa takan taru a tsakanin su biyun inda ido ba ya gani.

*Mataki na biyar: bel da fanka.* A danna bel da babban yatsa a tsakiyarsa. Kada ya lotsa fiye da kimanin santimita 1. Bel mai tsagewa ko mai sheƙi, ko mai kuka idan an tayar da mota, a canza shi. Fanka iri biyu ce. Ƙananan motoci irin su Toyota Starlet da Corolla da Opel suna da fankar lantarki, wadda ke tashi da kanta idan ruwa ya yi zafi. A bar mota tana aiki a tsaye, a sa ido. Idan allura ta wuce tsakiya fanka ba ta tashi ba, a duba fis da waya kafin a ce fankar ta mutu. Manyan motoci irin su Hilux da Land Cruiser da yawancin Hiace bel ne ke juya fankarsu, kuma a tsakiyarta akwai wani kulob mai mai a ciki. Idan inji yana kashe kuma da ɗuminsa, a tura fankar da hannu. Idan ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, kulob ɗin ya mutu. A tabbata kuma robar da ta kewaye fanka tana nan, domin ita ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto. Bayan an yi gyaran waya, a sa takarda a gaban lagireto: fanka mai juyawa daidai za ta jawo ta ciki.

*Mataki na shida: tamostat.* A tayar da mota da sanyinta a riƙa taɓa tiyon sama. Zai zauna da ɗan sanyi na wasu mintoci, sannan ya yi zafi a lokaci ɗaya. Wannan shi ne buɗewar tamostat. Idan allura ta hau tiyon bai yi zafi ba, ta maƙale a rufe. Ana iya gwada ta a gida: a ciro ta, a sa a tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. Lambar da ke jikinta, kamar 82 ko 88, ita ce zafin da take fara buɗewa.

*Mataki na bakwai: cikin lagireto da famfo.* Bayan inji ya yi ɗumi an kashe shi, a kai tafin hannu kusa da fuskar lagireto wuri-wuri. Idan wani sashe yana da zafi wani da sanyi, bututun sashen mai sanyi sun toshe. Famfo kuwa yana da ƙaramin rami a ƙasansa. Idan ruwa yana ɗiga daga nan, ko famfon yana gurnani, ko yana girgiza idan an motsa shi da hannu, ya lalace. Wani lokaci tsatsa takan cinye fukafukansa na ciki, ya riƙa juyawa ba ya tura komai.

Idan duk waɗannan lafiya suke, a duba abubuwan da ke sa inji wahala: ƙarancin baƙin mai, birki mai kamawa, salansa da ta toshe, saitin wuta da ya goce, da kayan da suka fi ƙarfin mota.

Gasket: babbar asara

Tsakanin jikin inji da kansa akwai wani faifai da ake kira gasket. Shi ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowanne a hanyarsa. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, kuma zafi mai tsanani yana lanƙwasa shi, sai gasket ya ƙone. Alamominsa su ne:

1. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi ɗumi.

2. Kumfa tana tasowa ba tsayawa a bakin lagireto idan an tayar da inji da sanyinsa, murfi a cire.

3. Baƙin mai ya koma launin shayi da madara a jikin sandar awo.

4. Tiyon sama ya yi tauri kamar taya jim kaɗan bayan tayar da mota.

5. Inji yana rawa da safe, fulogi ɗaya kuma ya fita fes kamar an wanke shi.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa ƙonewar gasket sakamako ce ta wani lahani da aka yi sakaci da shi. Idan aka canza gasket aka bar toshewar lagireto ko matacciyar fanka, sabon ma zai ƙone. A nemi bakanike ya auna kan injin ya ga ko ya lanƙwashe, ya kuma ɗaure kusoshinsa bisa tsari da ma'aunin ɗauri. Sannan a tambaye shi abin da ya ƙona na farkon.

Al'adu huɗu da ke jawo asara

Cire tamostat. Mutane da yawa suna cewa an yi ta ne don ƙasashen sanyi. Inji yana bukatar ya kai zafin aikinsa a ko'ina yake. Idan babu ita, da safiyar hunturu inji zai daɗe da sanyi, ya sha mai da yawa, ya kuma ci kansa da wuri. A wasu injinan ma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, don haka idan an cire ta wani kashi na ruwan ba zai je lagireto ba. Idan ta lalace, a sa sabuwa.

Zuba kowane irin ruwa. Duk mai dafa shayi ya san farin dutsen da ke taruwa a cikin buta. Haka ruwan rijiya ke yi a bututun lagireto, waɗanda suka fi tsinken tsintsiya faɗi da kaɗan. Ruwa mai kanwa kuma yana cin alminiyam. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a shagunan kayan mota, wanda ke hana tsatsa. Idan babu, a yi amfani da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, amma a tabbata ba mai asid ba ne. A kan hanya, tsabtataccen ruwa ya fi babu, sai a canza shi bayan an isa gida. Ruwan mai launi guba ne kuma yana da zaƙi. A ajiye shi nesa da yara da dabbobi, kada a zuba shi a robar lemo, kada a zubar da shi kusa da rijiya.

Toshe yoyo da ƙwai, garin taba ko barkono. Abin da ya toshe ramin yoyo zai toshe bututun da ruwa ke bi. Haka nan wanke cikin lagireto da garin sabulun wanki yana barin kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar zafi.

Tafiya da matacciyar allura. Direban da allurarsa ba ta aiki ba zai san da zafi ba sai ya ga tururi, a lokacin kuwa ɓarna ta riga ta auku.

Misali

A ɗauka direban Hiace yana jigila tsakanin Matameye da Damagaram. Da safe yana isa lafiya. A dawowar azahar, da fasinja da kaya, allura tana fara hawa bayan ya baro Takeita, idan ya rage gudu sai ta sauka. Cikin gari ba ta motsi. Ruwa ba ya raguwa sosai, amma launinsa ja ne.

Tunda allura ba ta hawa a tsaye, fanka tana aikinta. Tunda ba ta hawa da sassafe, tamostat tana buɗewa. Babu farin hayaƙi, babu kumfa, to gasket bai ƙone ba tukuna. Zafi yana zuwa ne lokacin da aka fi bukatar lagireto, ga kuma tsatsa a ruwa. Wurin da za a fara dubawa shi ne cikin lagireto, sai famfo. Direban da ya yi wannan lissafi kafin ya shiga gareji zai biya kuɗin wanke lagireto ko canza shi. Wanda ya ci gaba da zuba ruwa har ƙarshen bazara, kuɗin gasket da na kan inji ne ke jiransa, bayan na lagireton.

Idan an je gareji

A gaya wa bakanike abin da aka gani filla-filla: lokacin da allura ke hawa, yawan ruwan da ake ƙarawa a rana, gyaran ƙarshe da aka yi, da irin ruwan da ake zubawa. A nemi ya nuna abin da ya lalace kafin a saya, a kuma karɓi tsohon bayan an canza. Yana da kyau a ajiye ƙaramin littafi a cikin mota, a riƙa rubuta ranar kowane gyara, da abin da aka canza, da kuɗinsa. Wanda ya koyi karatu da rubutu zai iya karanta lambar murfi da ta tamostat da kansa, kuma ba za a sayar masa da abin da bai dace da motarsa ba.

Rigakafi

Kowace safiya, kafin a tayar da mota, a duba ruwa da baƙin mai, a leƙa ƙarƙashinta. Kowane mako a share gaban lagireto, a taɓa bel da tiyo. Kafin shigowar bazara, a watan Fabrairu ko Maris, a gwada fanka da murfi. A canza ruwan gaba ɗaya bayan kowace shekara biyu, ko yadda littafin motar ya nuna. A riƙa tafiya da jarkar ruwa mai tsabta, da bel na ajiya, da fis, da tsumma mai kauri. Idan da hali, a ɗauki kaya mai nauyi da sassafe ko da yamma.

Idan ruwan zafi ya ƙona mutum

A riƙa zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a kan wurin har tsawon minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa baƙin mai, man goge haƙori, ƙwai, gishiri ko toka, kada kuma a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Idan ƙunar ta shafi fuska, ido ko hannu, ko ta fi tafin hannun mutumin faɗi, a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa bakwai ne ke sanyaya inji?

2. Me ya sa mota ta fi yin zafi a watan Afrilu fiye da watan Disamba?

3. Mota tana zafi a cikin kasuwa amma ba ta yi a kan kwalta. Me za a fara dubawa?

4. Minti nawa za a jira kafin a buɗe murfin lagireto, kuma don me?

5. Rubuta alamomi uku na ƙonewar gasket.

Mai karatu, idan kana da mota, ko kana aiki a jikinta, ko akwai direba a gidanku, ku karanta wannan kasida tare a gaban motar, murfinta a ɗage, inji a kashe, ku nemo kowane sashe da aka ambata ku taɓa shi da hannu. Allah ya kiyaye hanya.